Kwatabak da Hutun Kaka: Shawarar da Ta Fi Kowace Tsada a Ƙwallon Amurka

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda yawancinsa da hannu ake bugawa, akwai gurbi guda da ya fi duk sauran gurabe nauyi, shi ne na kwatabak, wato ɗan wasan da ke tsayawa a bayan layin abokansa, ya karɓi ƙwallo a farkon kowane hari, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya zaɓi ko ya jefa wa mai cafewa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Ƙungiyar da ke kai hari tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya, kuma kusan kowace dama daga cikin huɗun a hannun kwatabak take farawa. A cikin hular kwanonsa akwai ƙaramar na'urar da yake jin umarnin koci da ita, amma ana katse maganar idan saura daƙiƙa 15 a agogon fara hari, don haka karanta tsayuwar masu tsaron baya da sauya dabara a ƙurarren lokaci aikinsa ne shi kaɗai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyar da ba ta da kwatabak nagari ba ta cika yin nisa ba, komai ƙarfin sauran 'yan wasanta.

Babbar gasar wannan wasa, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kowace tana buga wasanni 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale wanda ke ƙarewa da wasan Super Bowl a watan Fabrairu. Daga nan har zuwa Satumba mai zuwa babu wasan gasa, kuma a cikin wannan dogon hutu ne shugabannin kowace ƙungiya ke amsa tambayar da ta fi damunsu: wa zai riƙe gurbin kwatabak, har zuwa yaushe, kuma a kan nawa. Mai bin gasar Firimiya ta Ingila zai iya zaton amsar ba ta wuce kuɗi ba, tunda a Turai ƙungiya mai arziki takan buɗe baitulmali ta sayi wanda take so. A NFL hanyar ba ta buɗe haka ba, saboda dokoki biyu da suka ɗaure hannun kowa.

Ta farko ita ce iyakar albashi, wato adadin kuɗin da ba a yarda wata ƙungiya ta wuce ba wajen biyan dukkan 'yan wasanta a shekara, kuma adadin ɗaya ne ga mai arziki da marar arziki. An fara aiki da ita a 1994 a kan dala miliyan 34.6, ta kai miliyan 120.6 a 2012, sannan miliyan 255.4 a 2024. Tunda 'yan wasa 53 ne ke cin abinci a wannan akushi, duk abin da aka ƙara wa kwatabak daga bakin wani aka cire shi, kuma yau manyan masu wannan gurbi suna karɓar sama da dala miliyan 50 a shekara. Dak Prescott na Dallas Cowboys ya kai miliyan 60 a yarjejeniyar da ya sa wa hannu a Satumbar 2024. Akwai kuma wani tarko a cikin lissafin. Kuɗin sa hannu, wanda ake biyan ɗan wasa nan take, ana rarraba shi a littafin ƙungiya a kan shekarun kwantiragi har zuwa biyar don a sauƙaƙa nauyi, amma idan aka sallami ɗan wasan kafin wa'adi, duk abin da ya rage sai ya faɗo wa lissafin ƙungiyar lokaci guda, ko a raba shi shekara biyu. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi: yana cin gurbi a ƙarƙashin iyakar albashi alhali mai shi ya tafi, wani lokaci ma yana buga wa abokan gaba.

Doka ta biyu ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a ƙarshen Afrilu, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasan da suka fito daga jami'o'i bi da bi a zagaye bakwai, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ce ke fara zaɓa. Babu faɗuwa daga gasa a NFL, don haka ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba ta rasa matsayinta, lada ma take samu. Waɗannan gurabe na zaɓe su ne ainihin kuɗin ciniki tsakanin ƙungiyoyi, da su ake musayar 'yan wasa. Darajarsu ta ƙaru sosai bayan yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta ƙayyade albashin sababbi. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya samu kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki tabbatattu ne ko ya taka rawa ko bai taka ba. Cam Newton da ya zo na farko a shekara mai bi ya samu miliyan 22 ne a shekara huɗu. Tun daga lokacin, matashin kwatabak mai hazaƙa da ke kan kwantiraginsa na farko ya zama abu mafi riba a gasar, domin ƙungiya tana samun aikin babba a farashin ƙarami na shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar idan a zagayen farko ta ɗauke shi, ta kuma zuba rarar a sauran gurabe. Seattle Seahawks ta ci kofi a Fabrairun 2014 da Russell Wilson a irin wannan yanayi, haka ma Kansas City Chiefs a Fabrairun 2020 da Patrick Mahomes.

Tsarin kalandar hutun shi ke ƙara wa lamarin wuya. A ƙarshen Fabrairu ake tara matasan a birnin Indianapolis don gwajin lafiya da gudu da hira, a tsakiyar Maris sabuwar shekarar gasa ke buɗewa, inda waɗanda kwantiraginsu ya ƙare ke da 'yancin zuwa duk inda suka ga dama, kuma galibin manyan kuɗaɗen da aka yi wa tsofaffin 'yan wasa alkawari a wannan tsakani suke zama wajibi. Zaɓen matasa kuwa sai bayan mako shida. Ma'ana, dole ƙungiya ta yanke hukunci a kan tsohon da take da shi, da tsofaffin da ke kasuwa, tun kafin ta san wane matashi zai rage lokacin da layi ya zo kanta, sai fa idan ita ce ke da zaɓin farko.

Indianapolis Colts ta shiga hutun 2012 da zaɓin farko a hannu, kuma duk da haka shawarar da ta fuskanta tana cikin mafi ɗaci a tarihin gasar. Peyton Manning, wanda ta zaɓa na farko a 1998, ya buga mata wasannin gasa 208 a jere ba tare da ya rasa ko ɗaya ba, ya zama gwarzon ɗan wasan shekara sau huɗu, ya ci mata kofi a Fabrairun 2007, kuma a ƙarƙashinsa ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale shekara tara a jere. A Yulin 2011 ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyar a kan dala miliyan 90, sai dai ciwon wuya ya kai shi ɗakin tiyata fiye da sau ɗaya, har aka haɗa masa ƙasusuwan wuya a watan Satumba, jijiyar da ke ba hannun jifansa ƙarfi kuma ta yi rauni. Bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar, ƙungiyar ta sha kashi a wasanni 13 na farko, ta ƙare da nasara biyu cikin wasanni 16 da ake bugawa a lokacin. Wannan faɗuwa ta nuna abu biyu a lokaci guda: girman Manning, da kuma lalacewar ginin da ke kewaye da shi, wanda ya daɗe yana rufa wa asiri.

Kwantiragin ya tanadi cewa idan Colts na son riƙe shi, sai ta biya shi dala miliyan 28 a ranar 8 ga Maris, 2012, lokacin da babu likitan da zai iya tabbatar da cewa ƙarfin hannunsa zai dawo, kuma saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 36. A ɗaya ɓangaren akwai Andrew Luck na Jami'ar Stanford, wanda masu sa ido a kan matasa suka yi ittifaƙi a kansa irin wanda ba a cika gani ba, kuma a ƙarƙashin sabuwar doka dukkan shekarunsa huɗu za su ci kimanin dala miliyan 22, ƙasa da abin da ake nema a biya Manning a rana guda. Hanyoyi uku ne a gaban mai ƙungiyar, Jim Irsay. Zai iya biyan Manning ya sayar da zaɓin farko da tsada, kuma kasuwa ta nuna irin tsadar, domin a wannan watan ƙungiyar Washington ta ba St. Louis Rams zaɓin zagayen farko har uku da na zagaye na biyu ɗaya don ta samu gurbi na biyu kawai. Zai iya riƙe su duka biyun, matashin ya zauna yana koyo, amma hakan na nufin zuba kaso mai yawa na iyakar albashi a gurbin da mutum ɗaya ne kawai ke iya tsayawa, a ƙungiyar da ke buƙatar gyara ko'ina. Ko kuma ya sallami mutumin da ya ɗaukaka sunan ƙungiyar. Irsay ya riga ya nuna inda ya dosa tun a Janairu, lokacin da ya sallami Bill Polian, wanda ya gina ƙungiyar, da koci Jim Caldwell, ya kawo Ryan Grigson a matsayin babban manaja da Chuck Pagano a matsayin koci. Ranar 7 ga Maris, kwana ɗaya kafin wa'adin, aka sallami Manning, a Afrilu kuma aka zaɓi Luck.

Abin da ya biyo baya ya ba kowane ɓangare na masu gardama hujja. Denver Broncos ta ɗauki Manning a kan dala miliyan 96 na shekara biyar, da sharaɗin cewa lamunin kuɗin shekarun gaba ya dogara ga gwajin lafiyar wuyansa, wanda dabara ce da ta rage mata haɗari. A 2013 ya kafa tarihi da jifa 55 da suka kai ga ci, ya zama gwarzon shekara karo na biyar, ya kai ƙungiyar Super Bowl sau biyu, ya ci na biyun a Fabrairun 2016, ko da yake a lokacin ƙarfinsa ya ragu ƙwarai kuma masu tsaron baya ne suka ɗauki nauyin. Luck shi ma bai ba da kunya ba: ƙungiyar da ta ci wasa biyu ta koma cin 11 a kowace kaka cikin ukunsa na farko, kuma a Janairun 2015 ta je har Denver ta fitar da Manning daga gasa. Idan aka auna shawarar da abin da aka sani a Maris 2012, da wuya a ce Irsay ya yi kuskure, domin biyan miliyan 28 a kan hannun da ba a ga ya warke ba cinikin biri a sama ne, kuma ba a iya tuhumar mutum da rashin sanin abin da likitoci ma ba su sani ba.

Kuskuren ya zo ne daga baya, a wurin da ba a cika kallo ba idan ana maganar shirin kwatabak. 'Yan wasa biyar ne ke tsayawa a gabansa don tare masu farmaki, kuma Colts ta shafe shekaru ba ta gyara wannan layi yadda ya kamata ba, alhali rarar da arhar Luck ta samar ta isa a yi hakan. An kayar da shi sau 41 kafin ya jefa ƙwallo a kakarsa ta farko kaɗai, ban da dukan da yake sha bayan jifa, wanda salonsa na ƙin kauce wa karo ya ƙara wa yawa. A 2015 ya ji rauni a kafaɗa, ƙodarsa kuma ta tsage, a 2017 bai buga ko wasa ɗaya ba. Sai a 2018, bayan sabon manaja Chris Ballard ya yi amfani da zaɓi na shida ya ɗauki Quenton Nelson don ƙarfafa layin, aka ga bambanci: sau 18 kawai aka kayar da shi a kakar. Gyaran ya makara. Ranar 24 ga Agusta, 2019, saura mako biyu a fara kaka, Luck ya yi ritaya yana ɗan shekara 29, yana mai bayyana cewa zagayen rauni da ciwo da jinya ya cire masa daɗin wasan, kuma wasu magoya baya da suka ji labarin a filin wasa suka yi masa ihu yana fita.

Green Bay Packers ta bi hanyar da Colts ta ƙi, har sau biyu. A 2005 ta zaɓi Aaron Rodgers a gurbi na 24 alhali Brett Favre yana nan da ƙarfinsa, ta zaunar da shi shekara uku, kuma da Favre ya yi ritaya a Maris 2008 sannan ya sauya ra'ayi, ta tsaya a kan bakanta ta tura shi New York Jets. A 2020 ta maimaita: ta zaɓi Jordan Love a gurbi na 26, Rodgers ya amsa da zama gwarzon shekara sau biyu a jere, amma a Afrilun 2023 shi ma aka tura shi Jets. Ribar wannan tsari ita ce ƙungiya ba ta taɓa wayar gari babu magaji ba, kuma tana ganin matashin a atisaye kullum kafin ta dogara da shi. Asararsa kuwa ita ce shekarun arha suna ƙarewa a benci, domin Love kaka ɗaya kawai ya riƙe gurbin kafin a ba shi dala miliyan 220 na shekara huɗu a Yulin 2024, sannan akwai ɓacin ran tsohon, wanda ke ganin an kashe zaɓi mai daraja a kan mai jiran gado maimakon a kawo masa mataimaki. Mai yiwuwa irin mallakar Packers, wadda ba ta hannun attajiri ɗaya, tana hannun dubban masu hannun jari ne, ta taimaka mata wajen wannan haƙuri. Kansas City ta rage asarar da zaunar da Mahomes shekara ɗaya kawai a bayan Alex Smith.

Waɗannan duka ƙungiyoyi ne da suka zaɓa tsakanin alheri biyu. Yawancin ƙungiyoyi ba su da wannan sa'a, kuma wuri mafi wahala shi ne tsakiya, inda kwatabak ya isa ya hana ƙungiya faɗuwa zuwa inda za ta samu zaɓin farko, amma bai isa ya kai ta kofi ba. Washington ta zauna a wannan hali da Kirk Cousins, ta kasa amincewa da shi ta kuma kasa rabuwa da shi, sai ta yi amfani da tambarin riƙo, wato dokar da ke ba ƙungiya damar tsare ɗan wasa ɗaya na shekara guda a kan albashi daidai da na manyan masu gurbinsa. Ta yi haka a 2016 da 2017, ta biya shi kusan dala miliyan 44 a shekara biyun, sannan ya tafi Minnesota Vikings a 2018 a kan miliyan 84 tabbatattu. Jinkirin shawara shi ma shawara ce, kuma tana da farashi. Gaggawa ta fi tsada: Denver, bayan ta daɗe tana neman magajin Manning, ta ba Seattle zaɓin zagayen farko biyu da na zagaye na biyu biyu da 'yan wasa uku a 2022 don ta samu Russell Wilson, ta ƙara masa kwantiragin dala miliyan 245 tun bai buga mata wasan gasa ba, sannan ta sallame shi a Maris 2024 da mataccen kuɗi na miliyan 85.

Zaɓen matasa ma ba mafita ba ne mai tabbas, duk da arharsa. Kwatabak biyar aka ɗauka a zagayen farko na 2021, kuma zuwa ƙarshen Afrilun 2024 Trevor Lawrence kaɗai ya rage a ƙungiyar da ta zaɓe shi. Ɗaya daga cikinsu, Trey Lance, ya ci wa San Francisco 49ers zaɓin zagayen farko uku, amma wanda ya kai ta Super Bowl shi ne Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022. Ƙarfin hannu da gudu ana iya aunawa a Indianapolis. Saurin fahimta a gaban masu tsaron bayan da suka fi na jami'a wayo da sauri ba ya fitowa sai an shiga fili. A nan ne kuma buƙatun masu yanke hukunci ke rabuwa da buƙatar ƙungiya, domin kocin da kujerarsa ke rawa zai so tsohon hannu da zai ci masa wasa bana, sabon manaja zai so matashin da shi ya zaɓa don ya sayi lokaci, mai ƙungiya kuma yana kallon tikiti da magoya baya. Inda wa'adin waɗannan mutum uku bai zo ɗaya ba, kwatabak ne ke biyan kuɗin saɓanin, ta hanyar sauya masa koci da tsarin wasa kowace shekara.

Colts ta ɗanɗana kusan kowane irin waɗannan tarkuna bayan tafiyar Luck, domin tana da sauran 'yan wasa masu kyau da suka sa ta yi ta zaton mutum ɗaya kawai ya rage mata. Jacoby Brissett ya riƙe gurbin a 2019. Philip Rivers ya zo a kan dala miliyan 25 na shekara ɗaya, ya kai ta zagayen sili-ɗaya-ƙwale a 2020, ya yi ritaya. Carson Wentz ya ci mata zaɓin zagayen farko da na zagaye na uku, ya yi kaka ɗaya aka tura shi Washington. Matt Ryan ya buga mata a 2022 yana ɗan shekara 37, kakar ta ƙare da nasara huɗu. Wannan faɗuwa ce ta ba ta gurbi na huɗu a zaɓen 2023, inda ta ɗauki Anthony Richardson, matashi mai ƙarfin hannu da gudu amma mai ƙarancin gogewa, wanda rauni ya katse kakarsa ta farko bayan wasa huɗu. A hutun 2025 ta kawo Daniel Jones a kan kwantiragin shekara ɗaya don su yi takara, kuma a watan Agusta koci Shane Steichen ya ba Jones gurbin.